Wata Arba'in na Bitrus Kafinta

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin lafiya da natsuwa, ko da yake bango ɗaya ne tsakanin inda nake rubuta ta da inda za ki karanta ta. Allah ya tsare ki a tafiyar da za ki yi jibi, ya sauke ki Jos lafiya, ya sa karatun jinyar da za ki fara ya zama alheri gare ki da mu baki ɗaya.

Sau uku a makon nan kina tambayata makullin siton gidan hayarmu na unguwar Yindiski. Ranar farko na ce na bar shi a kasuwa. Rana ta biyu na ce kwaɗon ya yi tsatsa, sai an ɗiga masa mai. Jiya kuwa tashi na yi na kama alwala alhali da sauran lokaci kafin azahar. Kina so ki ɗauko kan keken ɗinkin Maman Ladi, domin ta ce ki taho mata da shi tun da a gidansu za ki sauka. To Ummi, keken ba ya cikin siton. Akwatin kayan aikin mijinta Bitrus ma ba ya ciki. Ni na sayar da su, yau shekara shida ke nan, kuma har gobe su biyun suna zaton kayansu na kulle suna jiransu. Mutanen da suka share miki ɗaki, suka ce ba za su karɓi ko kwabo ba har ki gama makaranta, su ne mutanen da na ci amanarsu. Ba na so ki sa ƙafa a gidansu ba ki san wannan ba, bakina kuma ya kasa faɗa miki.

Kwanaki na ji kina gaya wa ƙannenki cewa in kin fara ɗaukar albashi za ki gina ɗakunan haya kamar Baba. Wannan "kamar Baba" ɗin ta tsaya mini a rai. Shi ya sa na zaro littattafan da nake rubuta abin da ya faru kullum tun ina sakandare, na bi su ɗaya bayan ɗaya, don in gaya miki yadda aka yi na kai inda na kai. Ba daga sayar da keke abin ya fara ba.

Kin san aikina, akawu ne ni a wajen masu lodin shanu a kasuwa. A lokacin da nake ba ki labari garin nan cike yake da baƙi: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, 'yan kasuwa daga Kudu da Filato da Binuwai, kowa yana neman ɗaki. Na ga waɗanda ba su kai ni karatu ba suna karɓar haya, sai na ce ni ma zan iya. Kuɗi ne babu. Abin da nake da shi shi ne gonar kakanki ta hanyar Fika. Na kai ta jingina wajen Alhaji Buba, wani fataken shanu da nake yi wa rubutu: ya ba ni kuɗi, gona ta koma hannunsa yana nomawa har ranar da zan mayar masa da kuɗinsa. Na sayi fili a Yindiski, na zana ɗaki takwas a takarda. Na yi lissafin hayar ɗaki takwas sau wata goma sha biyu, babu wata ɗaya da na bar ɗaki a buɗe babu kowa, babu ɗan haya ɗaya da ya yi jinkiri. Lissafin ya yi kyau ƙwarai. Na nuna wa mahaifiyarki, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Baban Ummi, ban ga rufi a nan ba. Ko 'yan hayar da laima za su zo?" Na ce mata ba ta gane lissafi ba.

Kuɗin ya ƙare bulo yana daidai saman taga. Damina biyu ginin ya yi a tsaye babu rufi, awakin unguwa suna kwana a ciki, bango ɗaya ya tsage. A waɗannan shekaru biyu ne muka fara awon gero da mudu a kasuwa, abin da gidanmu bai taɓa yi ba.

Saboda haka in kin tashi gini, ki fara lissafi daga kwano da ƙofa da banɗaki, sannan ki sauko zuwa bulo. Ɗaki biyu da aka gama sun fi takwas da suke jiran rufi. Kada ki jinginar da abin da yake ciyar da ke don ki gina abin da bai fara ba ki komai ba. In kuma kina lissafin haya, ki cire wata biyu a kowace shekara ki ce babu kowa a ɗakin. In lissafin bai tsaya a haka ba, to ba zai tsaya ba ko da kin sake shi sau goma. Ni sau goma ɗin na sake shi.

A nan Bitrus ya shigo. Kafinta ne mutumin Mangu, yana da rumfa kusa da hanyar da nake bi. Wata rana da hantsi ya same ni tsaye ina kallon bangon da ya tsage, ya ce, "Akawu, wannan gida ne ko makarantar awaki?"

Na ce, "Gida ne, Kafinta. Rufi ya rage."

Ya ce, "Ni kuma mai gidana ya ƙara mini haya sau biyu a shekara ɗaya. Bari in rufa maka ɗaki huɗu da katakona da kwanona, in sa ƙofofi. Ka ba ni biyu in zauna shekara biyar ba biya. Biyu kuma ka zuba 'yan haya ka fara numfashi."

Abu ne da ake yi a garin nan, mutum ya ƙarasa gini ya cinye kuɗinsa a zama. Na yarda nan take. Shi ne ma ya ce mu je wajen mai unguwa a rubuta a sa shaidu. Ni kuwa girman kai ya hana ni. Na ce, "Haba, ni da rubutu ne sana'ata sai na je wani ya rubuta mini? Zan sa a littafina."

Ya yi dariya ya ce, "In 'yan makarantar nan taka suka cinye littafin fa?"

Ga abin da na rubuta a ranar, na kwafo miki shi yadda yake: "Bitrus zai yi rufi, ɗaki biyu, shekara biyar." Shi ke nan. Ban rubuta abin da za a yi ba in ya tashi kafin lokaci. Ban rubuta ko watannin suna ci gaba da tafiya in ba ya nan ba. Bai sa hannu ba, ba shi da kwafi, babu wanda ya ji sai ni da shi. Daga baya, da zuciyata ta fara neman hanya, wannan gajeren layin ne ya ba ta ƙofa, domin duk abin da ba a rubuta ba ni kaɗai nake fassara shi.

Ki rubuta duk yarjejeniyar da kika yi, kwafi biyu, da shaidu. Mutane suna cewa ana yin haka ne don tsoron kada ɗayan ya canza. Ni abin da na gani, wanda ya kamata ki fi jin tsoro shi ne ke kanki a ranar da kika matsu.

Sauran kin fi ni tunawa. Ke da Ladi 'yarsu kusan a kwano ɗaya kuka girma. Maman Ladi ce ta ɗinka miki kayan makaranta a kan wannan keken, ta ƙi karɓar kuɗi, ta ce ai mai gidan haya ba ya biyan ɗinki, haya yake ragewa, su kuma ba sa biya balle a rage. Ranar Kirsimeti shinkafarsu tana zuwa gidanmu, ranar Layya cinyar ragonmu tana zuwa nasu.

Wata ashirin suka yi a gidan. A cikinsu na yi wani kuskuren da a lokacin ban ɗauke shi kuskure ba. Ɗakuna biyun da suka rage na ba wasu malaman makaranta biyu, na karɓi kuɗin shekara gaba ɗaya. Da a ce na kai wa Alhaji Buba, da na rage nauyin gona. Ban kai ba. Na sayi bulo don ɗakunan baya, ragowar na cika na sayi babur, wai mai gidan haya bai kamata a gan shi a ƙasa ba. Ba a daɗe ba aka hana hawa babur a garin saboda halin da aka shiga. Kin san inda ya ƙare, a zaure, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsa.

Kuɗin hayar da aka ba ki na shekara ba naki ba ne ranar da aka ba ki. Kowane wata ne yake zama naki in ya wuce mutumin yana cikin ɗakin. Wanda ya zama naki ɗin ma ki raba shi uku: na wanda kika ci bashinsa, na gyaran gida, sannan na bakinki. Ban san ko rabon daidai ne ba, wataƙila wani ya fi ni sanin yadda ake yi. Na dai san abin da rashin rabon ya jawo mini.

Da gari ya rikice, baƙi suka fara tafiya. Malaman nan biyu suka zo neman ragowar kuɗinsu na wata biyar-biyar, ban da shi. Ɗayan ya dube ni ya ce, "Ba komai, Oga, Allah ya kiyaye mu duka," ya tafi. Bitrus ya fi kowa daɗewa. Sai da aka kashe wani ɗan garinsu a bakin shagonsa sannan Maman Ladi ta ce ita kam ba za ta ƙara kwana ba. Da safe suka tashi, da abin da mota za ta iya ɗauka. Ta lulluɓe kekenta da zane, ta ɗaure da igiya. Shi kuma ya tura akwatin aikinsa ƙarƙashin gado, zarto da guduma da injin goge katako da duk abin da ya tara a shekara goma sha biyar. Ya kulle, ya kama hannuna ya sa makullin a ciki, ya ce, "Akawu, ga amana. Wata biyu, uku, in gari ya lafa za mu dawo."

Na ce, "Ko allura ba za ta ɓata ba."

Kina wurin. Kina riƙe da hannun Ladi kuna kuka.

Gari bai lafa ba. Kasuwa ta yi sanyi, motocin da nake yi wa rubutu suka ragu, abin da nake samu bai kai rabin na da ba. Alhaji Buba shi ma ya yi asarar shanu a daji. Ya kira ni, bai ɗaga murya ba, ya ce ko dai in kawo kuɗinsa kafin damina, ko ya cika mini ɗan abin da ya rage gona ta zama tasa. Yana da gaskiya, ya ma yi haƙuri fiye da yadda aka saba.

A daidai lokacin ne mutanen ƙauyuka suka fara kwararowa cikin gari, da tabarmi da tukwane a ka. Ɗakin da aka rasa mai so ya zama ana rububinsa. Na zuba mutane a ɗakunan malaman. Sai Garba dillali ya fara yi mini sintiri. Ya ce, "Akawu, ɗaki biyu a kulle? Ɓeraye ne 'yan hayarka? Nawa suke biya?"

Na ce na mutum ne.

Ya ce, "Mutumin da ya tafi Jos? Wa ka ga ya dawo? Ina da wanda zai biya ninki biyu, shekara gaba ɗaya, yau ɗin nan."

A lokacin an yanke layukan waya a jihar. Na gaya wa kaina cewa babu yadda zan yi in tambayi Bitrus. Wannan ƙarya ce, kuma littafina ya kama ni. Mutane suna zuwa har Azare don su yi waya, ni ma a watan nan na je sau biyu saboda aikin kasuwa. Na kira masu shanu a Kudu, na kira ɗan'uwana a Kano. Lambar Bitrus tana cikin wayar. Ban kira ba saboda na san zai ce, "Ka sa mutane mana, ka ajiye mini kuɗin," ni kuwa kuɗin nake so.

Ban fasa ƙofa ba. Da makullin da ya sa mini a hannu na buɗe. Na kwashe kayansu na kai sito, ɗakunan kuma na ba wani dattijo da ya gudo da iyalinsa mutum goma sha ɗaya. Ranar da zai biya, ya kwance kuɗin daga bakin rawaninsa, ya ƙirga mini. Garba ya gaya mini daga baya, yana dariya, cewa saniyarsa ta ƙarshe ya sayar. Na karɓa na ƙirga, na sake ƙirgawa, na rubuta masa rasit mai kyau.

Da na haɗa duka, bai kai kuɗin Alhaji Buba ba. Saura kaɗan. Wannan "saura kaɗan" ce ta kai ni sito ranar wata Laraba da la'asar. Na ce aro ne, in na samu zan sayi sababbi in mayar. Garba ya kawo masu saye. Wani kafinta ya ɗauki akwatin, keken kuma wani tela da na ji daga baya ya koma Gashuwa. Na fanshi gona. Duk tuwon da kika ci a gidan nan daga wannan shekara zuwa yau, daga gonar ya fito, kuma yanzu kin san da me aka fanshe ta.

Na duba abin da na rubuta a ranakun biyu. Ranar da na buɗe ɗakin: "An gyara ɗakin Bitrus." Ranar da na sayar: "An rage kaya a sito." Ki lura da "an". Mutumin da yake rubuta "na sayi gishiri" da "na biya kuɗin aski", a ranakun nan ya rasa wanda ya yi aikin.

Na daɗe ina auna wannan. Sa mutane a ɗakin ba laifi ba ne, ana ruwa mutane suna kwana a barandar shaguna. Laifin shi ne kuɗin ɗakin na Bitrus ne. Ya riga ya biya da kwanonsa da guminsa, wata sittin, ya zauna ashirin. Saura arba'in. Ni na sayar da wata arba'in ɗin nan sau biyu. In ɗan haya ya biya ya tafi, ɗakin nasa ne har kwanakinsa su cika. In kin sa wani, ki nemi izininsa, kuɗin kuma ki ajiye masa. Kayan da ya bari ba su shiga lissafinki ko da gidan zai faɗi. Kada kuma ki sa wa ɗaki kuɗi da gwargwadon tsoron da ke fuskar mai nema. Dillali zai ce miki haka kasuwa take. Shi la'adarsa zai karɓa ya wuce, ke ce za ki riƙa haɗuwa da dattijon a masallaci ko a bakin famfo.

Da aka maido da waya, kiran farko da ya shigo mini na Bitrus ne. Muka gaisa, ya tambayi kowa da sunansa, har babur. Sannan ya ce, "Yaya ɗakina?"

Na ce, "Yana nan."

"Kaya fa?"

"Sito yana kulle, makulli yana hannuna."

Ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Akawu. Na gaya wa mutanen nan, ni ina da ɗan'uwa a Potiskum."

Ummi, ki duba amsoshin nan. Babu ƙarya ko ɗaya a cikinsu. Ɗakin yana nan, ina zai je? Siton yana kulle. Makulli yana hannuna. Mu mutane ne da in an tambaye mu gida muke cewa lafiya ko da akwai mara lafiya a kwance, kuma kowa ya san gaisuwa ce. Ni sai na ɗauki tambayar gaske na amsa ta da bakin gaisuwa, na shige ciki na ɓuya. A daren ranar ma ba sai na faɗa ba, a littafi na rubuta, "Bitrus ya kira. Ban yi masa ƙarya ba." Shekara shida ina wannan sana'a. Kafin in ɗauki wayarsa sai na shirya kalmomin da zan iya rantsuwa a kansu.

Sau ɗaya ya ce in ɗora masa akwatin a motar shanu mai bi ta Jos. Na ce shingayen sojoji sun yi yawa, ana sauke kaya, ƙarfe kuma abin tuhuma ne. Wannan ma gaskiya ne. Ya ce to a bari. Daga baya a bakin Ladi kika ji, kika gaya mana muna cin abinci, cewa babanta ya yi shekara uku yana aikin lada a rumfar wani, yana aron zarto, kafin ya sake tsayawa da ƙafarsa. Kin tambaye ni a ranar me ya sa na tsame hannuna daga tuwo.

Siton kuwa babu komai a ciki sai karyayyen benci da buhunan siminti da suka daskare. Sau biyu masu hatsi suna neman in ba su haya, na hana, domin in aka buɗe shi kowa zai gani. Wato ni, mai lissafin kowane ɗaki, na yi shekara shida ina biyan haya wa ƙaryata.

Ki kiyayi maganar da kika shirya ta don ta zama gaskiya a kunne, ƙarya a zuciyar mai ji. Abin da mutum ya tafi da shi a ransa bayan kin gama magana, shi ne abin da kika faɗa masa. Aikin da za ki koya ma haka yake. Za a tare ki a ƙofar ɗakin marasa lafiya a ce, "Yaya jikin nasa?" Ki san lokacin da gaisuwa ce da lokacin da tambaya ce.

Akwai na ƙarshe, kuma shi ya fi sabo. Da Maman Ladi ta ce ki taho da keken, ban yi tunanin faɗin gaskiya ba. Na je wajen mai gyaran kekuna na sayi wani kai irin nata, baƙi mai zanen ruwan gwal, na naɗe a buhu na ɓoye a bayan babur. Niyyata in kai shi sito in lulluɓe da zane, sannan in ba ki makulli. Mahaifiyarki ta je ɗibar ƙwai ta gan shi. Da na dawo ta ajiye shi a tsakar ɗaki ta zauna a gefensa.

Ta ce, "Na wane ne wannan?"

Na ce, "Na Rifkatu." Sunan Maman Ladi ke nan.

Ta juya hannun keken sau ɗaya, ta ce, "Na Rifkatu hannunsa a ɗaure yake da waya, kuma akwai ƙuna a gindinsa inda fitila ta taɓa. Ni da na ara sau biyu na sani. Ita da ta gada daga uwarta za ka ruɗa?"

Na zauna na gaya mata komai. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Duk shekarun nan ina aika musu da kuka da daddawa ina jin kaina mutuniyar kirki." Sannan ta ce, "Wanda ka yi, ka yi. Amma wannan 'yarka za ka ɗora wa a ka ta kai musu? Ta shiga da shi tana murna, matar ta kwance ta gani, ta dubi yarinyar? Baban Ummi, ka ji tsoron Allah." Tun ranar ba ta ƙara ce mini komai a kai ba, abincina kuma tana ajiyewa ne ta fita.

Ga abin da na yi. Shekaranjiya na je wajen mai unguwa da shaidu biyu, ɗaya limamin masallacinmu, ɗaya wani tsohon abokin Bitrus da bai bar garin ba. A gabansu na faɗi abin da na yi da bakina, na ce "na", ban ce "an" ba. Aka rubuta cewa hayar ɗakunan nan biyu ta Bitrus ce daga watan nan har wata arba'in, kwafi biyu. Bijimin da nake kiwo don filastar ɗakunan baya na sayar, kuɗin na akwatin aiki ne da keke, ko da yake na san keken uwarta ba shi da farashi. Dattijon ya koma ƙauyensu tuni, na sa a nemo mini inda yake, rabin abin da na karɓa a hannunsa zan mayar. Malaman nan biyu ban san inda suke ba, ina tambaya. Ban sani ba ko wannan ya isa. Ina jin bai isa ba.

Jiya da safe na kira Bitrus. Na yi niyyar faɗa a waya, sai ya riga ni: "Akawu! Ɗakin 'yarmu ya shiryu, har labule Maman Ladi ta sa. Na yi mata tebur na karatu da hannuna, kada ki ji an ce saye na yi." Yana magana kamar kina kusa.

Na ce, "Kafinta, akwai magana."

Ya ce, "In maganar kuɗi ce zan kashe waya."

Na ce, "Ba a waya ba. Ni zan kawo ta da kaina."

Sai na ji ya ɗaga murya yana kiran matarsa: "Maman Ladi! Akawu da kansa zai zo! A kama zakaran nan, babban!" Na ji guɗarta daga nesa.

Saboda haka kujera biyu na biya a tasha. Kawunki ba zai raka ki ba kamar yadda aka shirya da farko, ni zan raka ki. In mun isa, ki gaishe su yadda ya kamata, ki shiga ciki wajen Ladi. Zan roƙe su su saurare ni kafin a yanka zakaran. Kada ki fito ki ba da haƙuri a madadina, kada ki yi kuka don su ji tausayi, ba ke kika yi ba. Kayanki kuma ki bar su a ɗaure tukuna. In sun ce bayan wannan ba za su iya riƙe ki ba, suna da gaskiya, kada ki riƙe su a zuciya. Kuɗin ɗakin kwanan makaranta na zango ɗaya yana hannun mahaifiyarki, za ta ba ki gobe, ki sa a ƙasan jaka. In kuma sun ce ki zauna, to ki zauna kin san nawa ɗakin ya ci, ki share shi, ki kula da teburin.

Hanyar tana da tsawo, ta Darazo da Bauchi, ga tsaye-tsaye a shingaye, kuma kafaɗarki za ta riƙa taɓa tawa har mu isa. In kin ga za ki iya yi mini magana, ki yi. In ba za ki iya ba, ki dubi taga, ba zan ce kin yi rashin kunya ba.

Allah ya tsare mana hanya, gaba da baya. Allah ya kiyaye ki daga sharrin mutane, ya kiyaye mutane daga sharrinki. Ya ba ki ilimi mai amfani da hannu mai sauƙi a kan marasa lafiya. Ya zaunar da garinmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa. Ya sanyaya zuciyar Bitrus da Rifkatu, in kuma ba ta sanyaya ba, ya ba ni ƙarfin tsayawa in ji duk abin da za su faɗa. Amin.

Motar ƙarfe bakwai ce. Ki karya kafin mu fita.

Wassalam.

Mahaifinki,
Idrisa